Tsakanin Labari da Tatsuniya, da Matsalar "Sai" a Rubutun 'Yan Firamare

Wata malama da ke koyar da 'yan aji biyar ta aiko da tambaya cewa duk lokacin da ta ce ɗalibanta su rubuta labari, da yawansu sukan fara da "gatanan gatananku". Tana son sanin ko labari da tatsuniya abu ɗaya ne.

Malama, ba ɗaya ba ne. Kalmar labari ta samo asali ne daga Larabci, wato al-khabar, kuma lam ɗin da ke farkonta ragowar "al" ce da ta manne, kamar yadda ya faru a liman da lahira da littafi. Ma'anarta tana da faɗi, domin ta ƙunshi duk abin da aka ba da bayaninsa, ko ya auku da gaske ko ƙirƙira ce. Tatsuniya kuwa tana da nata tsari: ana buɗe ta da "ga ta nan, ga ta nanku", masu sauraro su amsa da "ta zo mu ji ta", a rufe da "ƙurunƙus", kuma kowa ya san duniyar Gizo da Ƙoƙi aka shiga. Ƙissa ta fi tafiya da tarihin annabawa da bayin Allah, hikaya kuma labari ce mai ɗauke da darasi. A ganina bai kamata a tsawata wa yaran ba, domin wanda ya iya tatsuniya ya riga ya san mafari da tsakiya da ƙarshe. A bar su su fara rubuta wadda suka ji a gida, sannan a ce su ba da labarin ranar kasuwar garinsu da wannan tsarin.

Wani malami kuma ya koka cewa kusan kowace jimla ta ɗalibansa da "sai" take farawa: sai ya tafi, sai ya ga kura, sai ya gudu.

Malam, wannan ƙaramar kalma ayyukanta suna da yawa. Tana nuna togiya a "ba kowa sai Audu", tana nuna iyakar lokaci a "sai gobe", tana nuna wajabci a "sai ka yi haƙuri", sannan tana jera aukuwa a cikin labari. Yaro yana rubuta yadda yake magana ne, kuma a baki murya da numfashi suna ɓoye maimaicin, amma a takarda yana fitowa fili. Maganin shi ne a koya masa haɗa jimloli biyu su zama ɗaya da kalmomi irin su "da", "bayan da", "ko da" da "kafin". Maimakon jimloli ukun nan sai ya rubuta: "Ko da ya ga kura a bakin rafi, bai tsaya ɗaukar tulunsa ba." Ita kanta kalmar jimla ma'anarta tarawa ce, kamar yadda ɗan kasuwa yake cewa jimlar kuɗi, saboda haka bayanin ba zai yi wa yara wuya ba.

Akwai wani abu da nake roƙon malamai su kula da shi sosai, wato bambancin "sun" da "suka". "Yara sun tafi gona" sanarwa ce da ta tsaya da ƙafarta, amma idan labari ya kama hanya, "suka" ake bi: suka isa, suka ajiye fartanya, suka zauna. A mutum ɗaya namiji duka biyun "ya" ake rubutawa, tsawon wasali ne kawai ya raba su, don haka ya fi sauƙi a koyar da darasin da jam'i: mun da muka, kun da kuka, an da aka. Idan ɗalibi Basakkwace ya rubuta "sunka" ko "munka", a nuna masa cewa karin harshensa ne, daidaitacciyar Hausa kuwa "suka" da "muka" take rubutawa.