Zauren Waƙa: Ina ake samo abin faɗa, wa kuma ke raɗa wa waƙa suna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Funtua, tela ne, da dare kuma ina taɓa rubuta waƙa. Damuwata biyu ce. Duk sanda na ɗauki biro sai kaina ya ɗaure, in na matsa kuma, abin da ke fitowa bai wuce "masoyiyata, hasken idona" ba, irin wanda kowa ke faɗa. Ta biyu, ko na gama waƙa ban san sunan da zan sa mata ba. Akwai wadda na kai sutudiyo, mai haɗa kiɗa ya tambaye ni sunanta, na ce ya rubuta "Soyayya". Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa sana'a albarka. Damuwarka biyu ce, amma maganinsu ɗaya ne, wato amshi. Duk wanda ya dace da amshi mai rai, to ya samu abin da zai faɗa a baitoci, sunan waƙar ma yana nan kwance a cikinsa.

Abin da ke ɗaure maka kai shi ne ka zauna kana neman yin waƙa a kan "soyayya" ɗungurungum. Ta yi maka girma, ta yi wa kowa girma. Ba za ka kama ta ba sai ka same ta a bakin mutum ɗaya, a rana ɗaya, yana faɗin abin da ke ci masa rai. Kai kuwa Allah ya ajiye ka a wurin da ake irin wannan magana kullum. Shagon tela ana saura sati biyu Salla, wa ya kai shi jin zance? Mai kawo ɗinkin anko, uwar da ta zo da yadi ɗaya tana roƙon a fitar wa yara biyu, saurayin da ke ƙirga kuɗi yana sake ƙirgawa. Ba sai ka je nesa neman misali ba. Marigayiya Barmani Choge 'yar garinku ce, kuma abin da ta yi ta rerawa a kan ƙwarya har ta rasu a 2013 shi ne zancen da mata ke yi a tsakar gida da wurin biki: kishiya, haihuwa, neman sana'a. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai, ya dubi karen mota, wanda ba kowa ke ɗaga kai ya kalla ba, ya yi masa waƙar da har yau ake sanyawa a rediyo. Kunne suka fara sa wa aiki kafin baki.

Bari in nuna maka yadda nake yi. A ce budurwa ta kawo maka ɗinki, ƙawarta ta tambaye ta yaushe ne bikin, sai ta taɓe baki ta ce, "Wai sai bayan Salla." Tsaya nan, ajiye almakashi, ka rubuta kalmomin nan kamar yadda ta faɗe su, kada ka gyara mata. Wannan "wai" ɗin da ta sa a gaba ita ce waƙar baki ɗaya, domin ta nuna ba ta yarda da alkawarin ba, kuma ba yau aka fara faɗa mata haka ba. Yanzu sai ka tambayi maganar: wace Sallar, Ƙarama ko Babba? Sau nawa aka ɗaga? Me mahaifiyarta ke ce wa maƙwabta? Shi saurayin yaudara yake yi, ko kuɗin lefe ne suka gagara? Kowace amsa baiti ce. Amshin zai iya zama:

Wai sai bayan Salla,
Azumi ya wuce, layya ta wuce,
Ni dai ina nan, wai sai bayan Salla.

Baitin farko ka ba ta bakin magana, ta lissafa ƙawayen da ta yi wa anko ta raka ɗakin miji. Na biyu ka juya wajen saurayin, ka bar shi ya faɗi nasa uzurin, farashin akwati da kuɗin haya, don kada waƙar ta zama zagi. Na uku kuwa na tsohuwar gida ne, wadda ta gaji da amsa tambayar dangi. Ka ga ba ka ambaci zuciya ko hasken ido ko sau ɗaya ba, amma duk wanda ya ji ya san waƙar soyayya ce, kuma akwai gidajen da za a kashe rediyo in an sa ta, saboda ta taɓa inda ke ciwo.

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suna kiran wannan amshi gindin waƙa, baitocin kuma ɗiyanta. Makaɗan da suka gabace mu da gindin suke farawa. Sai sun kafa shi a bakin 'yan amshi ya zauna daram, sannan su riƙa ɗora ɗiya, yau a ƙara wannan, gobe a rage wancan gwargwadon wurin da ake kiɗa. Yaranmu na yanzu da yawa sun juya abin: a cika shafi uku da baitoci, sannan a dawo ana laluben amshi. Shi ya sa kake jin waƙa ta minti shida, ta ƙare ba ka riƙe komai ba.

Kafin ka yarda da amshi, gwada shi. Rera shi da baki kawai, ba kiɗa, ka naɗa a waya. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, in karin da ka ɗauko ya murɗe kalma, ya ja gajeren wasali ko ya danne mai tsawo, kunnen Bahaushe zai ƙi ta ko bai san dalili ba. Sannan ka rera shi sau biyu a shago kana taka keke, kada ka ce wa kowa komai. In zuwa la'asar ka ji yaron shagonka yana maimaita shi yana guga, ka riƙe shi. In ba wanda ya ɗauka, ajiye shi a littafi ka koma saurare.

Batun suna kuma, a da ba ya cikin abin da ke hana mawaƙi barci. Yawancin waƙoƙin makaɗa irin su Mamman Shata jama'a ne suka raɗa musu suna, ko dai da sunan wanda aka yi wa waƙar, ko da kalmomin farko na amshi, haka ake neman su a zaɓen masu sauraro da wurin masu sayar da kaset. A rubutacciyar waƙa ma haka ne. Waƙar nan ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u ta mayar Hausa, an san ta da "Tabban Haƙiƙa" ne saboda kalmomin da ke dawowa a ƙarshen baitocinta. Abin da ya canza yau shi ne dole ka rubuta suna kafin ka ɗora waƙa a YouTube ko Audiomack, tun ba wanda ya ji ta. To sai ka yi wa jama'a aikin da da can su ke yi: ka tambayi kanka, wanda ya ji ta a adaidaita sahu ya sauka bai san mai ita ba, me zai rubuta a waya in yana nemanta? Abin da zai rubuta shi ne sunan. A misalinmu, "Bayan Salla". Kalma biyu ko uku, waɗanda ake faɗa a cikin waƙar sau da yawa.

Ina roƙonka kada ka sa mata sunan da ba a ambata a cikinta ba, komai daɗinsa, kada kuma ka ɗauko na Turanci ka liƙa wa waƙar da Hausa ce zalla. "Soyayya" da ka ba mai haɗa kiɗa, wanda ya neme ta da wannan sunan zai tarar da waƙoƙi rututu kafin ya iso taka. Koma ka saurari amshinta, ka ciro sunan daga can, ka kira shi ya canza tun bai fitar ba.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a Maraɗi. Na sa wa waƙata suna, daga baya na ga wani mawaƙi ya riga ni sa shi. Sata na yi?

AMSA: A'a 'yata, ba ki yi sata ba. Sata ita ce ki ɗauki karin wani ko baitocinsa ki ce naki ne. Kalmomin Hausa na kowa ne. Sai dai in waƙar tasa ta yi fice, taki za ta ɓuya a bayanta a wurin nema. Duba layi na biyu na amshinki, galibi akwai wata kalma a can da ke kaɗai kika faɗe ta haka, ki haɗa ta da ta farkon.