Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗora wa ɗaukar hotunan liyafar ofis

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tambayarki ta taɓa ni sosai, shi ya sa na kasa wucewa. Kin ce a wurin aikinku an ɗora miki ɗaukar hotunan liyafar ƙarshen shekara don kawai an san kina da kyamara, kina kuma neman dabarun da za su sa hotunan su yi rai, kada su tsaya a kan mutane sun jeru sun sandare suna kallonki. Wallahi daga yadda kika rubuta na gane halin da kike ciki, domin ni ma ta wannan ƙofar aka shigo da ni. Ba a tambaye ki ko kina so ba, an dai ce ai wance ta iya, magana ta ƙare.

Dabaru akwai su, zan faɗa miki waɗanda na gwada. Amma kafin ki taɓa kyamara, ki je wurin wanda ya ba ki aikin ki nemi abu a rubuce: jadawalin taron, sunayen waɗanda za a karrama da yadda za a kira su bi da bi, wa da wa ake so a ɗauka tare, da inda hotunan za su tafi bayan an gama. Ko a saƙon waya ne, ya dai zama a rubuce. Kada ki yarda da "ki ɗauki komai kawai". Da wannan maganar aka cuce ni.

Shugaban sashenmu na lokacin haka ya ce min, na roƙe shi jadawali ya ce ba shi da lokaci. Cikin waɗanda aka karrama a daren akwai wani dattijo direba da zai yi ritaya, mutumin da ya riga kusan kowa a zauren shiga kamfanin. Da aka kira sunansa ya taso a hankali, sai direbobi da masu gadi da masu shara suka miƙe gaba ɗaya suna tafi. Na durƙusa a gefen dandamali na ɗauke shi daidai lokacin da ya karɓi lambar da hannu biyu, idonsa ya ciko, ga mutanensa a tsaye a bayansa. Na duba bayan kyamara, na san ban taɓa ɗaukar hoto kamar wannan ba. Ana cikin haka sai shugaban nan ya aiko a kira ni waje in ɗauki wasu baƙinsa a jikin motarsu. Na je, ai shi ne babba. Kafin in dawo an kira shugaban sashen namu ya gaisa da shugaban kamfani a kan dandamali, an wuce wurin.

Ana tashi ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in ba shi katin memori, hotunan na kamfani ne, shi zai zaɓa. Na ce ya bari in kwafe su tukuna, sai ya ɗaure fuska ya ce ko ban yarda da shi ba ne. A gaban mutane fa. Na cire na ba shi. Da katin ya dawo hannuna an goge shi tas, har an cika shi da wasu takardun ofis. Abin da ya zaɓa ya fito a shafin kamfani, manya zalla, suna gaisawa, suna dariya, suna yanka kintinkiri. Babu direba, babu mai shara, babu ƙaramin ma'aikaci ko ɗaya. Da na tambaya sai ya ce waɗancan ba su dace da martabar kamfani ba. Sannan a taron safiyar Litinin, a gaban kowa, ya ce mai ɗaukar hoto ya yi sakaci, babu hotonsa da shugaban kamfani. Shi da ya aike ni waje da bakinsa! Waɗanda suka ga lokacin da aka kira ni duk suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai, babu wanda ya tanka. Ban riƙe su ba, kowa tsoron aikinsa yake ji. Sunana da bai sa a jikin hotunan ba ma bai dame ni ba. Abin da ya ci min rai shi ne ranar da dattijon nan zai yi sallama, ya zo har teburina ya ce, "Ɗana, an ce ka ɗauke ni, ina so in nuna wa jikokina." Na rasa bakin magana. Na ce masa an samu matsala da katin. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, ya juya. Mutum ya ba kamfani ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, ya tafi babu ko hoto ɗaya na ranar da aka ce masa an gode, don wani yana ganin fuskarsa ba ta dace da shafi ba. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Don haka 'yar'uwa, in kyamararki mai cin kati biyu ce, ki saita ta ta riƙa rubuta kowane hoto a duka biyun. In mai kati ɗaya ce, duk sanda aka ɗan tsagaita ki tura muhimman zuwa wayarki. Katinki kada ya bar hannunki sai kin kwafe. In kuma ƙaddara ta sa aka goge, kada ki ɗora komai a kansa, akwai manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec da kan dawo da hotuna matuƙar ba a rubuta wani abu a gurbinsu ba. Nawa an riga an rubuta.

Yanzu ga abin da kika tambaya. Ki riga kowa zuwa. Ki ɗauki zauren babu kowa, an jera kujeru, lambobin yabo suna kan teburi, masu shirya wuri suna ta kai-kawo. Su waɗannan da suka yi wahalar shiri babu mai tuna su, ki ɗauke su suna aikin. In kina da ƙafar kyamara da wata tsohuwar waya, ki kafa ta a lungu mai tsayi ta riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 5 ko 10. In aka haɗa su za a ga zauren yana cika cikin ƙasa da minti ɗaya, mutane na son wannan ƙwarai.

Lokacin jawabi kada ki ƙare a kan mai magana. Hoto uku ko huɗu nasa sun isa, ki jira ya ɗago daga takarda, makirufo bai rufe masa baki ba. Daga nan ki juya wa dandamali baya ki kalli jama'a, can rai yake. Wanda aka ambaci sunansa ba zato, wadda ta rufe baki tana dariya, abokai biyu da suka haɗa kai suna raɗa. Wajen ba da lamba kuwa ki roƙi mai gabatarwa tun farko ya ce wa kowa ya ɗan tsaya ya kalle ki bayan ya karɓa, in ba haka ba ƙeya za ki yi ta ɗauka. Lambar gilashi ko allo mai ƙyalli a ɗan karkata shi ƙasa, kada hasken filasha ya dawo miki. Mutum yana cin abinci kuma ki sauke kyamara, babu wanda ke son a gan shi yana tauna.

Abin da ya fi samun karɓuwa a duk abin da na gwada shi ne lungun hoto. Ki nemi bango fili ko labule mai launi ɗaya, ki sa fitila ɗaya daga gefe, mutum ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi gaban bangon don kada inuwarsa ta manne masa. Kowane sashe ya zo da kayan aikinsa: direbobi da makullansu, masu lissafi da kalkuleta, 'yan gyara da sufana. Ki kawo ƙaramin allo kowa ya rubuta shekarar da ya fara aiki ya riƙe. Ki haɗa wanda ya fi kowa daɗewa da wanda ya zo a bana a hoto ɗaya. A nan kuma ki ɗauki kowa shi kaɗai daga ƙirji zuwa sama, da yawansu ba su da hoto mai kyau da za su sa a LinkedIn ko a takardar neman aiki, za su daɗe suna yi miki addu'a. In kamfanin zai sayi takardar Instax ta Fujifilm, hoton ya fito nan take mutum ya tafi da abinsa a hannu, wannan babu shugaban da zai iya goge shi. Kuma don Allah ki fita da kanki ki kirawo masu gadi da masu shara, ba za su zo da kansu ba, sun saba ana tsallake su.

Maganar haske kin san yadda zauren taro yake. Kada ki harba filasha a fuskar mutane, ki ɗaga kanta sama ta bugi silin ta dawo a tausashe. Saurin ɗauka da filasha, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, gwargwadon kyamararki, in ya wuce za ki ga baƙin layi ya cinye gefen hoton. In babu filasha, kada ki sauka ƙasa da 1/125 ga mutanen da ke motsi, ki bar ISO, saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu amma ya sa masa tsakuwa-tsakuwa, ya hau 3200 ko ma 6400. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi. Gilashin kyamara na 50mm ko 35mm mai f/1.8 (lambar f ce ke nuna faɗin ramin da haske ke shiga, ƙaramar lamba babban rami) ya fi wanda ake sayar da kyamara da shi amfani a duhu nesa ba kusa ba. Dogayen fitilun ofis da wasu na LED suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa inda lantarki ke tafiya a kan 50 Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, sau 120 inda yake 60 Hz kamar Amurka. Shi ya sa wani lokaci za ki ga layi-layi ko launi yana sauyawa daga hoto zuwa hoto. In haka ta faru kuma mutanen ba sa motsi sosai, ki gwada 1/100 ko 1/50 a wurin 50 Hz, ko ki kunna saitin hana ƙyaftawa in kyamarar tana da shi. Ki ɗauka a RAW, tsarin ajiye hoto ɗanye da ke sauƙaƙa gyaran launi daga baya, domin hasken majigi da na fitilun ado za su rina fuskoki shuɗi da ja.

Hoton kowa da kowa ki yi shi da wuri, kafin mutane su fara zamewa. Ki hau kujera ko bene, ki sa f/5.6 zuwa f/8 don na baya su fito, ki ce duk wanda ba ya ganin kyamara kyamara ma ba ta ganin sa. Ki ɗauka da yawa a jere saboda masu ƙifta ido. Wasu masu bincike a Ostareliya, Nic Svenson da Piers Barnes, har lambar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke ba da dariya, suka samu a 2006 kan wannan lissafin: in mutane ba su kai 20 ba, a raba yawansu da 3 in akwai haske sosai, da 2 in hasken ya yi ƙasa, abin da ya fito shi ne yawan hotunan da za a ɗauka. Bayan na tsayuwa ki ce kowa ya juya ya kalli na kusa da shi, dariyar da za ta ɓarke ita ce hoton da za a fi so.

Akwai waɗanda ba sa son a ɗauke su, musamman mata, kuma haƙƙinsu ne. Wurin aiki ba kamar taron dangi ba ne, mutum bai zo don son ransa kaɗai ba, kuma yana jin nauyin ya ce a'a a gaban shugabansa. A Turai tun 2018 dokar kare bayanan mutane mai suna GDPR ta ɗauki hoton da za a gane mutum a ciki a matsayin bayanansa, ƙasashe da dama ma sun yi irin tasu. Ki sa a sanar tun a takardar gayyata cewa za a ɗauki hoto da inda za a sa shi, wanda ba ya so ya faɗa miki a asirce. Allon majigi mai ɗauke da alƙaluman kamfani da katin shaidar da ke rataye a wuyan mutane ma ki kula da su kafin wani abu ya hau intanet. In aka samu matsala ke za a nuna, wanda ya ba ki umarni zai ce bai sani ba, na ga haka da idona.

Wajen rabawa kada ki zuba su a WhatsApp haka nan, yana matse hoto ya rage masa kyau sai dai in kin tura a matsayin fayil. Ki buɗe jaka ɗaya a Google Drive ki ba kowa mahaɗin, kowa, ba manya kaɗai ba. Wanda ba ya amfani da irin wannan ki wanke masa nasa a takarda.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. Wannan aiki ne, ranar da kowa ke hutawa ke kina tsaye sa'o'i, sannan ki kwana kina tacewa da gyarawa. Ki nemi a ba ki ranar hutu a madadinsa ko a biya ki, ki kuma faɗi ranar da za ki miƙa hotunan da kanki kafin a fara damun ki da waya washegari da sassafe. In kika yi shiru a bana, baɗi ma ke ce, har taron da ba na sashenku ba. Ki tafi da batir na biyu a cike, ki sa takalmi marar tsini, ki nemi wata abokiyar aiki da ta san fuskoki ta riƙa nuna miki wane ne wane.

Ki faɗa mana irin kyamarar da ke hannunki da yawan mutanen da ake sa ran zuwansu. In da hali ki leƙa zauren ki duba silin ɗin, domin in baƙi ne ko ya yi tsawo sosai, maganar buga filasha sama ba za ta yi ba, sai mu sake wani shirin. Allah ya ba ki sa'a, ya haɗa ki da shugaba mai adalci.