Amsa: Furotin D2 da na saya ya ƙi kama magani

Malam, ka ce ka sayi furotin D2 na ɗan Adam, mai karɓar saƙon dofamin (sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa), irin wanda ake samarwa a ɗakin gwaji, amma ya ƙi kama maganin da kake gwadawa. Kafin ka zargi hannunka, duba takardar da ta zo da kwalbar: a cikin me aka samar da shi, kuma cikakke ne ko guntu?

Ina kyautata zaton matsalar daga nan take. D2 yana ratsa fatar ƙwayar halitta har sau 7, kuma gurbin da dofamin ke zama yana tsakanin waɗannan sassan ne. Da zarar an raba shi da kitsen fatar ba tare da sinadarin da zai riƙe shi ba, sai ya dunƙule, gurbin ya lalace. Yawancin waɗanda ake samarwa a ƙwayar bakteriya ta E. coli guntaye ne, sun dace da gwada antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki) kawai. Furotin ne mai wuyar sha'ani ƙwarai, shi ya sa sai a 2018 aka fitar da cikakkiyar siffarsa, riƙe da risperidone, wani maganin taɓin hankali.

Da ni ne, fatar ƙwayoyin HEK293 ko CHO (ƙwayoyin halitta ne da ake rainonsu a ɗakin gwaji) masu ɗauke da D2 zan nema. Ka fara da spiperone, maganin da ke kama D2, mai alamar tiritiyam (alama mai fitar da radiyeshan da ake iya aunawa), ka sa haloperidol, wani maganin da ke toshe gurbin, a wasu ramukan farantin gwajin don ka gane kamun gaske.

Kuma don Allah ka rarraba shi ƙanana ka ajiye a sanyin digiri -80 na Selsiyos. Narkewa da sake daskarewa na kashe shi.