Hukuncin Ɓoye Aibin Sabuwar Kwamfuta Ga Mai Sharhi A Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Sana'ata ita ce gwada sabbin kwamfutoci in yi sharhi a kansu a bidiyo. Kamfanoni kan aiko mini da su tun kafin su shiga kasuwa, wasu aro wasu kyauta, kuma ina samun la'ada idan an saya ta hanyata. Kwanan nan na gwada wata laftof mai gudu sosai, amma idan aiki ya yi nauyi sai ta ɗauki zafi ta rage gudu. Ina tsoron in faɗa su daina aiko mini. Ya halatta in ambaci alherinta kawai, tunda ban yi ƙarya ba? Kuma faɗin aibin ba giba ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Bai halatta ka ɓoye wannan aibin ba. Mai kallonka shawara ya zo nema kafin ya fitar da kuɗin da wataƙila ya yi watanni yana tarawa, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Amanar da ke wuyanka ta mai saye ce, ko da kamfani ne ya miƙo maka kayan.

Batun cewa ba ka yi ƙarya ba, duba hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito. Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci, ya sa hannu ciki ya ji lema. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi (SAW) ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mutumin nan bai furta ƙarya ba, jera kayansa kawai ya yi yadda ido zai ga busasshen. Laftof ɗinka haka take. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kan sassauta gudu da kanta idan zafi ya yi yawa don kada ta lalace, shi ya sa gwajin minti biyu ke ba da sakamako mai ƙayatarwa, gwajin rabin awa kuma ya tona asiri. Idan ka nuna gajeren ka danne dogon, ka sa busasshen a sama ke nan.

Kuma babu giba a nan. Faɗima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan masu neman aurenta biyu, ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Imam Nawawi ya lissafa nasiha irin wannan cikin wurare shida da ambaton aibi ya halatta. Idan an yarda a faɗi aibin mutum don nasiha, ina ga na na'ura.

Aron kaya halal ne, la'ada ma halal ce kamar ta dillali. Alkawarin kada ka saki sharhi sai ranar da kamfani ya sa, shi ma cika shi wajibi ne. Amma sharaɗin kada ka faɗi aibi ɓatacce ne, kuma kyautar da aka bayar a kansa toshiyar baki ce. Ko babu sharaɗi, idan baki ya ci ido kan ji kunya, don haka ka sanar da masu kallo tun farko abin da ke tsakaninka da kamfanin. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ma tun 2009 ta shigar da masu sharhi a intanet cikin waɗanda ake buƙatar su bayyana irin wannan alaƙa.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma yana damuna: kamfani ma yana da haƙƙi a kanka. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci, farkon Suratul Muɗaffifina kuma ya yi narko ga masu tauye awo. Ka auna kowace kwamfuta da mudu ɗaya. Kada ka gwada batirin wannan da hasken allo a ƙasa, na waccan da haske a sama. Kada ka kushe mai araha da aka yi wa ɗalibi don ta kasa aikin tace bidiyo. Idan samfurin da aka aiko maka shi ne mafi tsada, ka faɗa, domin ƙaramin da yawancin mutane za su saya yana iya zama daban. A 2021 an gano wasu masu ƙera ma'ajiyar bayanai sun canza kayan ciki bayan an gama sharhi, sunan samfurin kuma yana nan yadda yake.

Game da wannan laftof, ka maimaita gwajin, ka tuntuɓi kamfanin ko matsalar ta wadda ke hannunka ce kaɗai, sannan ka faɗi gudunta da zafinta gwargwadon yadda ka gani. Idan daga baya suka gyara ta hanyar sabunta manhaja, ka dawo ka sanar da mutane.

Wallahu a'alam.