Tambayi Likita: An nemi in sa ɗana cikin binciken magani, shin in amince?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bichi. Ɗana mai shekara bakwai yana da sikila, kuma muna kai shi asibiti a birni. A zuwanmu na ƙarshe an shaida mana cewa ana wani bincike a kan yara masu irin lalurarsa, aka ba ni takarda in je in yi shawara, idan na amince in sa hannu. Mahaifiyata ta ce sam jikanta ba zai zama abin gwaji ba, ta tuna mana abin da ya sami yaran Kano a shekarar sanƙarau. Uwar yaron kuwa tana so mu shiga. Na rasa tudun dafawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Ka gaishe mini da Hajiya, ka kuma gaya mata cewa tsoron nan nata yana da tushe, domin abin da take tunawa ya faru da gaske. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutane fiye da 11,000 a Najeriya, kuma ana tsakiyar wannan musiba kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a ciki, aka ba kusan rabinsu sabon maganin, sauran kuma aka ba su wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, balle a nemi yardarsu yadda ya kamata. An daɗe ana shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da wannan al'amari ya bari a zukatan mutane yana cikin abubuwan da suka ƙara rura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003, wadda ba a ci gaba da ita a Kano ba sai a 2004, bayan cutar ta riga ta gurgunta yaran da ba su san hawa ba balle sauka.

To amma abin da ya kamata mu rarrabe shi ne, laifin da iyayen wancan lokaci suka yi kuka da shi shi ne rashin bayani da rashin neman yarda. Kai kuwa ga shi an ba ka takarda, an ce ka je gida ka yi shawara. Wannan kaɗai bai isa ya sa ka amince ba, amma alama ce cewa ana bin ƙa'ida. Tun 2007 Najeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi, kuma a yau ba a yarda a fara bincike a kan ɗan'adam ba sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba shi ya amince, idan kuma gwajin magani ne sai hukumar NAFDAC ta ba da izini.

Ina so kuma ka san cewa yara masu sikila a ƙasar nan sun riga sun ci moriyar binciken da aka yi a nan gida. Ana ƙiyasta cewa duk shekara ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Najeriya, kuma ɗaya daga cikin manyan haɗurranta ga ƙananan yara shi ne shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da allura ko ciwo ba. Yaron da aka ga jininsa na gudu fiye da ƙima shi ne ke cikin haɗari. A ƙasashe masu arziki ana kare irin waɗannan yara da ƙarin jini kusan duk wata, abin da kai da ni mun san ba zai yiwu ga mutumin ƙauye ba, domin ga tsadar mota, ga ƙarancin jinin, ga haɗarin yawan ƙarinsa. Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka bi yara 220 masu wannan haɗari, suna ba su ƙwayar haidiroksiyuriya kullum, wasu ƙaramin adadi wasu matsakaici. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a duka ɓangarorin biyu shanyewar jiki ta yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba, kuma masu shan matsakaicin adadi sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Iyayen waɗannan yara 220 an tambaye su sun yarda, kuma yardarsu ce ta sa a yau likita zai iya rubuta wannan magani da ƙwarin gwiwa.

Ban ga takardar da aka ba ka ba, don haka shawarar amincewa ko ƙi tana hannunka, amma ga abin da nake so ka koma ka tambaya, kuma kada ka ji nauyin kowa. Ka nemi a karanta maka takardar da Hausa, a gaban wani naka da ya iya karatu wanda ba ma'aikacin binciken ba ne. Ka tambayi mene ne ainihin abin da za a ba yaron ko a yi masa, sabon magani ne ko wanda ake amfani da shi tuntuni, sau nawa za a ɗebi jininsa, kuma ina za a kai jinin. Ka tambaya ko za a raba yaran gida biyu, domin a yawancin irin wannan bincike ƙuri'ar kwamfuta ce ke zaɓar ɓangaren da yaro zai faɗa, ba likita ba; ana yin haka ne don kada son rai ya shiga cikin sakamakon, amma haƙƙinka ne ka san abin da kowane ɓangare zai samu. Ka tambayi illolin da ake tsoro, da wanda zai ɗauki nauyin jinya idan wani abu ya faru, da lambar da za ka kira cikin dare. Ka tambayi sunan kwamitin da ya amince da binciken. Sannan ka tambayi abin da mutane suka fi mantawa da shi: idan an gama binciken kuma maganin ya yi wa yaron amfani, wa zai ci gaba da ba shi?

Idan ka ƙi, ba a da ikon rage wa ɗanka kulawar da yake samu ko a canja maka fuska. Idan ka amince yau, gobe ka sake tunani, kana da ikon janye shi ba tare da ka ba da dalili ba. Kuɗin mota da na abinci da akan ba masu zuwa ba laifi ba ne, amma duk inda ka ga ana kwaɗaita maka kuɗi masu yawa, ko ana matsa maka ka dangwala yatsa nan take, to ka tashi ka bar wurin. Ka karɓi kwafin takardar ka ajiye. Shi ma yaron, ko da yake ƙarami ne, a yi masa bayani daidai hankalinsa. Shawarata ta ƙarshe a kan wannan ita ce ka tafi da Hajiya da uwar yaron ranar da za ka koma, domin ita uwar ce za ta riƙa ba shi maganin kullum, kuma gara Hajiya ta yi tambayoyinta da bakinta ta ji amsa da kunnenta.

Tambaya: Likita, matata ta haihu a babban asibitin garinmu a Jigawa. Ta ce mini bayan an fito da jaririn an shimfiɗa mata wata leda mai aljihu a ƙarƙashinta ana tara jinin da ke zuba. Mutanen gida suna ta maganganu a kan inda ake kai jinin. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Barka da arziki Malam, Allah ya raya. Jinin ba a kai shi ko'ina, auna shi ake yi sannan a zubar tare da sauran sharar asibiti. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma babbar matsalar ita ce ido yana yaudarar ma'aikaci: jinin ya jiƙe zane da katifa, a ɗauka kaɗan ne, ba a farga ba sai mai jego ta fara ganin jiri. Ledar nan tana da layukan awo a jikin aljihunta. Da zarar jini ya kai mililita 500, wato kwatankwacin ledar ruwan sha guda, an san cewa an shiga haɗari.

Wannan ma ɗiyan bincike ne, kuma da hannun 'yar Kano a ciki. An gudanar da shi a asibitoci kimanin 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An haɗa awon jinin da ba da taimako gaba ɗaya a lokaci guda, maimakon a gwada wannan a jira sannan a gwada wancan: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko an samu yagewa. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna cewa mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Asibitin da ya shimfiɗa wa matarka wannan leda ya yi abin a yaba masa. Abin da ke damuna shi ne matan da ke haihuwa a gida, inda babu leda babu allura. Idan unguwarzoma ta ga zane na jiƙewa ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya jiƙa magani ko jiran maigida ya dawo daga kasuwa, a nemi mota.

Tambaya: Likita, duk lokacin da na yi zazzaɓi na je ɗakin gwaji a garinmu kusa da Rano, sai a ce maleriya da taifot ne, in sayi allurai da ƙwayoyi a kemis. Bana kaɗai an faɗa mini haka sau da yawa. Taifot ɗin ba ya warkewa ne?

Amsa: Malama, mai yiwuwa ne ƙwarai ba ki yi taifot ko sau ɗaya ba a cikin waɗannan lokuta. Gwajin da aka fi yi a irin waɗannan wurare shi ne na Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da garkuwar jiki ta bari yake aunawa, kuma a wurare irin namu inda mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar ta ruwan sha, wannan alama takan zauna a jinin mai lafiya ƙalau. Zazzaɓin cizon sauro ma yakan sa gwajin ya nuna akwai taifot alhali babu. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a ɗebi jini a rena ƙwayar cutar a ɗakin bincike na wasu kwanaki, kuma wannan sai manyan asibitoci.

Illar ba ta tsaya ga asarar kuɗi ba. Duk lokacin da aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba, ko aka sha rabi aka ajiye, ƙwayoyin da suka tsira sukan koyi jure masa, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Sannan ainihin abin da ke damunki yana nan ba a gano shi ba. Zai iya zama ciwon mafitsara, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko wani abu dabam. Ki je wurin likita ko jami'in lafiya ya saurari bayaninki ya duba ki tukuna, a yi gwajin cizon sauro na tsinke wanda ke fita cikin kamar minti 20, kuma ki tafi da kwalayen duk magungunan da kika sha.

Tambaya: Likita, da damina ana bi gida-gida ana ba yaranmu ƙwayoyi alhali lafiyarsu lau. Ni nakan ba su na ranar farko, sauran in ajiye sai sun yi zazzaɓi. Daidai ne? Daga wata uwa a Gumel.

Amsa: Ba daidai ba ne Malama, kuma ina roƙonki ki daina. Wannan rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 bayan gwaje-gwaje a ƙasashen Sahel sun nuna yana rage kamuwar yara da kusan kashi 75 cikin ɗari. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata a tsawon damina, kuma kowane zagaye na kwana uku ne a jere. Na ranar farko kaɗai ba ya ba da cikakkiyar kariya ta wata guda, ƙwayoyin da kika ajiye kuma ba za su warkar da yaron da ya riga ya kamu ba. Idan masu rabon sun zo yaro na da zazzaɓi, ki faɗa musu, za su tura ki asibiti a gwada shi a ba shi maganin da ya dace. Idan ya yi amai jim kaɗan bayan ya sha, ko kika ga ƙuraje sun feso masa, ki sanar da su ko asibiti mafi kusa, kuma ki ci gaba da kwantar da yaran cikin gidan sauro kowane dare.