Ban ga Yesu da idona ba: bangaskiyar "an ce" tana da tushe kuwa?

Tambaya: Fasto, duk abin da na sani game da Yesu daga bakin iyayena da malaman ikilisiya na ji shi, su ma ji suka yi. Yaya zan dogara da abin da ya bi ta hannun mutane haka?

Amsa: 'Yar'uwa, kada tambayar nan ta tsorata ki, domin Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye cewa ta bakin mutane saƙon ya iso gare mu ba. Luka bai yi zama da Yesu ba. A farkon Bishararsa ya gaya wa Tiyofalas, mutumin da ya rubuta wa littafin, cewa shaidun gani da ido ne suka ba da labarin, shi kuma ya bi diddiginsa tun daga tushe kafin ya rubuta.

Wurin da na fi so ki tsaya shi ne 1 Korintiyawa 15. Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciyewar Yesu, ya ce abin da ya karɓa ne ya miƙa musu: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Sai ya jero waɗanda suka gan shi, Kefas (wato Bitrus), manzanni sha biyun, Yakubu, da 'yan'uwa fiye da 500, ya ƙara da cewa yawancinsu suna raye. Mai ƙirƙirar labari ba ya nuna wa jama'a ƙofar shaidun da za su iya ƙaryata shi. Wannan ya raba shaida da jita-jita.

Amma fa ba duk abin da aka gāda ne gaskiya ba. A Markus 7 Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don sun ɗora al'adar kakanni a kan umarnin Allah. Yana damuna ƙwarai in ji mai bi yana kare wata koyarwa da "haka fastonmu ya ce" kawai. Mutanen garin Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, duk da haka kullum suna bincika Nassi su ga ko haka ne, aka kuma yabe su.

Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Ki fara da Bisharar Luka, duk koyarwar da kika ji kuma ki tambayi mai koyarwar sura da aya, ki karanta abin da ke gabanta da bayanta.