Ka matsa wa maƙwabci lamba, amma waye a bencinka?

Wani bawan Allah mai shagon kayan masarufi ya turo min tambaya. An buɗe sabon shago daf da nasa, sai yaronsa mai buga ƙwallon kwando ya ce Baba ai matsin dukkan fili za ka yi masa, kar ka barshi ya numfasa. Shine ya karya farashin taliya da sukari, yana buɗewa daga asuba har sha ɗayan dare, ya kuma saki bashi wa duk wanda ya tambaya. Wata biyu kenan ciniki ya ƙaru amma aljihu wayam, wai ko ya ciyo bashi ya ƙara wuta?

Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba amma rabin labarin ya baka. A wasan, maimakon ka koma gindin kwandonka ka jira, sai ku biyar ɗin ku tare abokan karawa tun daga inda suke jefo ƙwallo, mutum biyu su rufe mutum ɗaya, ga shi a dokar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daƙiƙa 8 kawai gare su su tsallake tsakiyar fili, sai ruɗewa, sai ƙwace. Da salon nan Nolan Richardson ya ci wa jami'ar Arkansas kofin jami'o'in Amurka a 1994, har ake ce wa wasansu minti arba'in na azaba, kuma a Amurka kalmar matsin dukkan fili ta shiga bakin 'yan siyasa da 'yan kasuwa, ana nufin a taso mutum gaba ta ko'ina. To amma Richardson canjin 'yan wasa yake ta yi, wannan ya gaji wancan ya shigo daga benci, kuma in aka tsallake matsin sau ɗaya kwando a buɗe yake ba mai tsaro.

Bencinka kai jarinka ne, kuma wallahi duk tsawon saƙonka ban ga inda ka faɗi nawa ne ba, alamar baka rubutawa. Nan ne ciwon. Ka shiga yaƙi baka san kwana nawa guzirinka zai kai ka ba. In katan ɗin taliya na barin maka 500 ka sauke 400, sai ka sayar da katan biyar kafin ka ga ribar ɗaya ta da, a cikin biyar ɗin ma biyu bashi ne da ba a rubuta ba.

Na taɓa zama da wani mai shinkafa da ya yi irin wannan wata huɗu, ashe maƙwabcin nasa yara yake turowa su saye kayan da araha su kai masa sito. Ranar da na je, kantocinsa sai ƙura da kwalayen banza da ya jera don kar a gane.

Kar ka ciyo bashin nan, ina roƙonka. Yau da daddare ka rufe da wuri, ka ƙirga kaya, ka rubuta sunan duk mai bashinka da adadin. Ka maida farashi inda yake, in ma sai ka rage to kaya ɗaya tak, na sati biyu. Bashi kuma a tsaya har a biya na baya, sannan ka turo min lissafin mu duba tare.